Mai Wanke Tawada: Ma'aikacin Da Masu Alƙalami Suka Manta Da Shi

Gabatarwa

Duk ƙarshen zangon karatu, in aka leƙa bayan ofisoshin jami'a, ba a rasa ganin tsibin takardu: tsofaffin takardun jarrabawa, da kwafe-kwafen laccoci, da jaridun da suka kwana biyu, da sanarwoyin da lokacinsu ya wuce. Wasu a cinna musu wuta, wasu iska ta kwashe, wasu kuma su ƙare a hannun mai ƙosai ko mai tsire. Kowace ɗaya daga cikin takardun nan an san wanda ya rubuta ta, an san wanda ya buga ta, sau da yawa ma sunayensu na nan a jikinta. Amma akwai wani ma'aikaci wanda aikinsa ke farawa daidai inda na waɗannan ya ƙare, wanda kuma ba kasafai ake jin an ambace shi a zauren masu ilmi ba. Shi ne mutumin da ke sarrafa injin da ke raba tsohuwar takarda da tawadar da ke jikinta, domin a sake mayar da ita sabuwa.

Harshen Hausa bai riga ya tsayar wa wannan ma'aikaci suna ba, don haka a cikin wannan maƙala za a kira shi mai wanke tawada. Maƙasudin maƙalar shi ne nuna cewa aikin nasa sana'a ce ta gwaninta da lura, wadda ta cancanci girmamawa da horo da kariya, kuma sauƙin aikin ko wahalarsa na hannun waɗanda suka riga shi taɓa takardar, watau masu ɗab'i da masu karatu. Ashe ke nan duk wanda ya zuba tawada, akwai haƙƙin mai wanke ta a wuyansa.

Asalin Sana'ar

Wanke tawada dai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san yadda ake zuba ruwa a kan allo a goge, rubutu ya bi ruwa, a shanya allon a sake wani rubutun a kai. Dalilin wannan sauƙi shi ne tawadar gargajiya da gawayi ko kunkunniya ake haɗa ta, a sa ƙaro ya riƙe, shi kuwa ƙaro da zarar ya ji ruwa sai ya narke. Tawadar ɗab'i ba haka take ba. Baƙin da ke cikinta a cikin mai da danƙo aka dama shi, ruwa da mai kuwa ba sa ga-maciji. Bugu da ƙari, takarda ba ta da jimirin allo. Ita ba komai ba ce illa ƙananan zaruruwan itace da aka shimfiɗa suka sarƙe da juna suka bushe, in ta jiƙe aka goga sai ta dagargaje. Saboda haka hanya ɗaya ce ta rage, a dama takardar gaba ɗaya ta koma kamar kunu, sa'an nan a nemi dabarar tsame tawadar daga cikin kunun a bar zaren.

Tun farkon samuwar takarda akwai sake sarrafa tsohon abu a cikin sha'aninta, domin Cai Lun, ma'aikacin fadar Sarkin Sin wanda ake jingina wa ƙirƙiro ta a shekarar 105, da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi ya yi aiki. Mutanen Japan ma sun daɗe suna dama tsofaffin rubuce-rubuce su mayar da su takarda, sai dai takan fito toka-toka, don ba a raba ta da tawadar sarai ba. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara warware wannan matsala malamin jami'a ne, ba ma na fannin kimiyya ba. Justus Claproth, malamin shari'a a Jami'ar Gottingen ta ƙasar Jamus, shi ne a 1774 ya wallafa wani ɗan littafi yana bayanin yadda za a wanke tawadar ɗab'i daga takarda. A 1800 kuma Matthias Koops ya sami izinin mallakar irin wannan fasaha a Ingila, ya kafa masana'anta a Landan, amma cikin 'yan shekaru kaɗan jarinsa ya karye.

Dabarar da aka fi dogara da ita a yau aro ce daga masu haƙar ma'adinai, waɗanda ke amfani da kumfa wajen raba ma'adini da dutsen da aka niƙa. A shekarun 1950 aka shigo da ita masana'antun takarda. Sana'ar ta ƙara bunƙasa bayan 1961, lokacin da kamfanin Garden State Paper na jihar New Jersey a Amurka ya fara yin takardar jarida daga tsofaffin jaridu zalla. Ya zuwa 2021, sama da kashi 70 cikin 100 na takardar da aka yi amfani da ita a ƙasashen Turai an tattara ta don a sake sarrafawa.

Yadda Aikin Yake

Aiki na farawa ne daga farfajiyar masana'anta, inda ake sauke tsofaffin takardu ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri an tamke shi da waya, nauyinsa kan kai rabin tan ko fiye. A yanke wayar, a zuba takardun a kan bel, shi kuma ya kai su cikin madami. Madamin nan ko dai wata ƙatuwar tukunya ce mai farfela a gindi, ko kuwa doguwar ganga mai juyawa a kwance. A ciki ake zuba ruwa mai ɗumi, wajen digiri 45, tare da sinadarai. Akwai soda mai ƙuna, wadda ke kumbura zaren har tawada ta saki jikinsa. Akwai haidurojin feroksaid, mai hana zaren komawa ruwan ɗorawa saboda kaifin sodar. Akwai kuma sabulu, wanda amfaninsa zai bayyana nan gaba kaɗan.

In an gama damu sai tacewa. Kunun kan bi ta cikin rariyoyi kala-kala, daga mai manyan huduji zuwa mai tsagu ƙanana ƙwarai, don a kama leda da igiya da guntayen danƙo. Daga nan ya bi ta wasu mazurarai masu juya ruwa da ƙarfi kamar guguwa, su jefar da abubuwa masu nauyi, irin su yashi da gilashi da 'yan ƙarafan da ake maƙale takardu da su.

Bayan haka sai a zo ga zuciyar aikin. A tsinka kunun da ruwa har zaren da ke ciki bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, a tura shi cikin jerin tankuna, a riƙa hura masa iska. Shi zare yana son ruwa, don haka yakan zauna a ciki. Ita kuwa tawada mai gudun ruwa ce, sai sabulun nan, tare da sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan, ya tattara ɓarɓashinta ya manna shi a jikin ƙwayoyin iska. Iska ta taso da shi sama ya zama baƙar kumfa, a kwashe. To, amma kumfa ba kowane ɓarɓashi take ɗauka ba. Ta fi kama wanda girmansa ke tsakanin kashi ɗaya cikin ɗari da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Wanda ya fi haka ƙanƙanta sai an bi shi da ɗauraya, wanda ya fi haka girma sai an matse kunun an murje shi da zafi tsakanin faya-fayan ƙarfe har ya farfashe. Daga nan a ƙara masa sinadarin fari, sau da yawa a sake mayar da shi tankunan kumfa karo na biyu, kana a miƙa shi ga injin yin takarda.

Ba duk abin da ya shiga ke fitowa ba. In takardar jarida za a yi, kusan kashi ɗaya cikin biyar kan tafi a matsayin laka, in kuwa takardar goge hannu ce, asarar kan kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Masana'antu da yawa kan matse wannan laka su ƙone ta su sami zafi, tokar kuma a kai wa masu yin siminti da bulo. Wannan ma ba zai ba Bahaushe mamaki ba, in ya tuna yadda ake kwashe katsi daga gindin marina, har ya shiga cikin haɗin laso na shafen gini.

Inda Gwanintar Take

Mai karatu na iya cewa ai duk wannan aikin inji ne, shi ma'aikaci nasa kawai danna maɓalli. Wannan zato shi ne tushen rainin da ake yi wa sana'ar, kuma kuskure ne. Masana'antar da ke aiki da ɗanyen itace ta san abin da ke shigo mata, domin itacen jiya shi ne na yau. Mai wanke tawada kuwa bai san abin da motar gobe za ta sauke masa ba. Yau jarida ta rinjaya, gobe mujallu masu sheƙi, jibi takardun ofis cike da ambulan da kwali. Kowane irin haɗi da adadin sinadarin da yake so, da tsawon lokacin damun da ya dace da shi.

Hatta yanayi yana da ta cewa. Masana'antun Turai sun daɗe da lura cewa jaridun da aka tattara lokacin zafi sun fi wuyar wankuwa, saboda zafi na sa man da ke cikin tawada ya tsufa ya ƙara kama zare. Haka nan takardar da ta daɗe a ajiye. Ma'aikaci mai lura tun daga farfajiya yake gane haka, ya gyara ma'auninsa kafin kunu ya fito da duhu.

A bakin tankunan kumfa ma akwai awo mai wuya. In ya ƙara iska ya yawaita kwasar kumfa, kunu zai yi fari tas, amma zare mai kyau zai bi kumfar ya tafi, masana'anta ta yi asara. In ya rage, ya tsira da zare, amma takarda ta fito da dabbare-dabbare, mai saye ya mayar da ita. Tsakanin waɗannan biyu yake tsaye tsawon aikinsa. Gaskiya ne akwai na'urori masu auna fari da ƙidaya ɗigon baƙi, suna nuna masa a allon kwamfuta. Sai dai na'ura sakamako take faɗa, ba ta faɗar dalili. Shi ne zai dubi launin kumfa da kaurinta, ya damƙi kunu a hannu ya ji santsinsa, ya saurari ƙarar famfo, ya gane ko rariya ce ta toshe ko sabulu ne ya gaza. A nan ya yi kama da marinan Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ke duban kumfar marina su san ko baba ya nuna. Bambancinsu kawai shi ne wancan sa launi yake yi, wannan kuwa cirewa.

Kuskurensa kuma ba a wurinsa yake tsayawa ba. Guntun danƙo daga bakin ambulan ko bayan littafi, in ya kuɓuce wa rariya, yakan je ya manne a jikin injin yin takarda. Injin jarida na zamani kuwa kan fitar da takarda fiye da mita 1,500 a minti ɗaya, don haka ɗan danƙon nan na iya tsinka takardar ya tsayar da aikin mutane da yawa. Dalili ke nan da ya sa a ƙasar Jamus sai matashi ya yi shekara 3 yana koyon sana'ar sarrafa takarda, yana kai da komowa tsakanin makaranta da masana'anta, kafin a ba shi shaidar ƙwarewa. Hausawa kan ce kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Wahalar Aikin Da Hatsarinsa

Masana'antar takarda ba ta barci, saboda haka aikin na karɓa-karɓa ne, dare da rana, ranar aiki da ranar hutu. Wurin ga zafi ga gumi ga ƙarar injuna, ƙasa kuma kullum a jiƙe take da santsin kunu. Soda mai ƙuna in ta fallatsa a fata takan ci ta, in ta shiga ido tana iya makantarwa. Wayar ɗauri in aka yanke ta ba da kula ba takan yi tsalle ta tsaga fuska. Ɗaurin takarda in ya zamo daga sama ya isa ya karya mutum. Madami da bel sun sha cin rayukan ma'aikata a ƙasashe daban-daban, musamman sa'ad da wani ya shiga gyara ba a kulle maɓallin wuta ba. Haka kuma tankunan da kunu ya kwana a ciki kan tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa takan kashe hancin mutum ya daina jin warin, kana ta kashe shi.

Duk waɗannan hatsarori an san maganinsu: tabarau da safar hannu da takalmin kariya, da wurin wanke ido kusa da inda ake zuba sinadari, da ƙa'idar kulle wuta kafin gyara, da auna iskar tanki kafin a shiga, da rubuta gargaɗi cikin harshen da ma'aikaci ke karantawa. Ba ilmi ke ƙaranci ba. Abin da ke faruwa shi ne, sana'ar da aka ɗauka ta 'yan bola ce ba a cika kashe kuɗi wajen kare mai yin ta ba. Raini a baki yake farawa, amma a jikin ma'aikaci yake ƙarewa.

Haƙƙin Da Ke Kan Masu Ɗab'i Da Masu Karatu

Komai gwanintar mai wanke tawada, akwai abin da ya fi ƙarfinsa, domin tun ran gini ran zane. Tawadar da aka saba buga jarida da littafi da ita mai gudun ruwa ce, don haka kumfa na kama ta. Amma an fito da wasu irin tawada da ake damawa da ruwa, kamar wadda wasu jaridu ke amfani da ita da wadda ke cikin na'urorin buga takarda masu fesawa. Irin wannan in ta shiga madami sai ta watse ta rina kunun gaba ɗaya, kumfa ba ta iya ɗaukarta. Akwai kuma wadda ake busarwa da wani haske na musamman, da wani nau'in tawadar buga hotuna da ke zama kamar siririyar leda a kan takarda, waɗanda kan farfashe su zama manyan ɓarɓashi masu taurin kai. Ɗan kaɗan daga irin waɗannan ya isa ya ɓata damu guda.

Ganin haka ne ya sa masana'antun wanke tawada na Turai suka kafa ƙungiyar INGEDE a 1989, wadda ta tsara hanyar gwada kowane irin bugu a ɗakin bincike don a san ko zai wanku. Ma'anar wannan ita ce, mai ɗab'i na iya sanin makomar takardarsa tun kafin ya sayi tawada.

Lamarin har ya shafi lafiyar jama'a. A wajen 2010 masu bincike a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan suka nuna cewa man fetur da ke cikin tawadar jarida kan bi tsohuwar takarda ya shiga kwalin da aka yi da ita, daga nan ya ratsa cikin abincin da aka zuba a kwalin. A 2016 hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya ta gargaɗi jama'a game da naɗe abinci a cikin jarida. Daga Janairun 2020 kuma Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin BPA a takardar rasit, wanda shi ma kan bi tsohuwar takarda ya shiga masana'anta. Duk wanda ya taɓa cin ƙosai mai zafi daga cikin jarida, wannan magana ta shafe shi.

Shi ma mai karatu da nasa kason. Takardar da aka cuɗa da sauran abinci da mai da leda ta tashi daga kayan aiki ta koma shara, wadda aka ware ta a bushe kuwa dukiya ce. Ƙasar Sin, wadda a da ita ce babbar mai sayen tsohuwar takarda a duniya, ta tsananta sharuɗɗan tsabtar abin da ake kai mata a 2018, ta kuma rufe ƙofa gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2021. Ƙasashen da suka saba tura mata tarkace ba tare da warewa ba sun ji a jikinsu.

Abin Da Masu Suka Ke Cewa

Wasu za su ce ai sana'ar mai mutuwa ce, tun da jama'a sun koma karanta labari a waya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kamfanin nan na New Jersey ya rufe a 2001. Masana'antar Aylesford da ke yankin Kent a Ingila, wadda ita ma daga tsofaffin jaridu take yin sababbi, ta rufe a 2015, ma'aikata sama da 200 suka rasa aiki. Kwalin ɗaukar kaya kuwa, wanda kasuwarsa ke ci, ba ya bukatar a wanke masa tawada. Amma jarida ba ita kaɗai ce takarda ba. Takardar goge hannu, da ta ofis, da farar fuskar kwali, duk ana yin su da wankakken zare. Daɗin daɗawa, ƙasashen da yawan 'yan makaranta ke ƙaruwa kowace shekara ba su kusa rabuwa da littafin rubutu da takardar jarrabawa ba.

Wasu kuma za su ce aikin na cin ruwa da wuta, yana kuma fitar da gurɓataccen ruwa. Wannan suka ta fi ta farko ƙarfi. Amsarta ita ce, wanke tsohon zare bai kai niƙa ɗanyen itace cin wuta ba, kuma masana'antar kirki takan juya ruwanta sau da yawa kafin ta tace shi ta sake shi. Duk da haka, masana'antar da aka kafa ba tare da wurin tace ruwa ba annoba ce. Abin da ruwan masana'antu ya yi wa kogin Challawa a Kano ya isa ishara. Sai dai in aka duba da kyau, wannan suka ma goyon bayan maƙalar take yi, domin juya ruwa ba tare da ya ɓata kunu ba, da hana sinadari malala, duk aikin ƙwararren ma'aikaci ne. Inda aka ɗauki wanda ba a horar ba don a biya shi araha, kogi ne ke cika kuɗin.

Ina Abin Ya Shafi Ƙasar Hausa?

Takarda a ƙasar Hausa tun asali baƙuwa ce mai tsada. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana sayar da takarda mai tambarin wata uku, wadda ta ƙetaro hamada daga Turai a bayan raƙuma. Bayan samun mulkin kai Nijeriya ta yi yunƙurin tsayawa da ƙafarta. Masana'antar Jebba ta fara aiki a 1969, ta Oku Iboku mai yin takardar jarida a 1986, aka kuma gina ta Iwopin. Kafin ƙarshen shekarun 1990 duk ukun sun durƙushe, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa. Har yanzu yawancin takardar ɗab'i da ta rubutu daga waje ake sayo ta da kuɗin waje, shi ya sa duk lokacin da Naira ta faɗi sai farashin littafi ya tashi, mawallafi ya rage adadin bugu, ɗalibi ya koma ga fotokofi.

Abin takaici shi ne, takardar nan da aka sayo da tsada, in an karanta ta sau ɗaya sai a ƙone. Masana sun daɗe suna cewa zaren takarda na iya zagayowa sau 5 zuwa 7, binciken baya-bayan nan ma ya nuna zai iya wuce haka nesa. Ashe duk tsibin da aka cinna wa wuta a bayan ofis, an ƙone littattafan da ba a riga an buga ba. Akwai dai 'yan bola masu tattara kwali da takarda, akwai kuma ƙananan masana'antu masu yin kiret ɗin ƙwai da takardar goge hannu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matakin da ke mayar da rubutacciyar takarda ta koma abin da za a sake rubutu a kai, kuma wannan mataki shi ne na mai wanke tawada.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, abubuwa huɗu ne ya kamata a sa a gaba. Na farko, makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha su ɗauki sarrafa takarda a matsayin fanni mai zaman kansa, da shaidar ƙwarewa da matakan ƙarin girma. Na biyu, kada hukuma ta ba kowace masana'anta izinin aiki sai ta nuna kayan kare ma'aikaci da wurin tace ruwa. Na uku, masu ɗab'i da hukumomin da ke ba su kwangila su riƙa tambaya ko tawada da gam ɗin da za a yi aiki da su masu wankuwa ne. Na huɗu, wanda ya fi kowanne sauƙi, jami'o'i su daina ƙona takarda. Kowane sashe na iya ajiye kwando guda na busasshiyar takarda zalla, a yayyanka wadda ke ɗauke da sirri, a sayar wa masu tattarawa.

Malamai da ɗalibai sun fi kowa cin moriyar takarda, don haka bai dace su zama na ƙarshe wajen sanin inda take tafiya ba. Malamin shari'a ne ya damu da wannan tambaya a 1774, bai kuma ga hakan ya rage masa daraja ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: marubuci ya rubuta, mai ɗab'i ya buga, mai karatu ya karanta ya ware, mai wanke tawada ya wanke, takarda ta komo hannun wani yaro fara fat, ya fara nasa rubutun.